Basili Bereshagin: Sojan da Ya Zana Abin da Janar-janar Ba Sa Son a Gani

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

 

A shekarar 1864, lokacin da Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu, yake kafa garin nan na Kontagora, wani saurayi ɗan ƙasar Rasha wanda bai wuce shekara 22 ba ya sauka birnin Faris don koyon zanen hoto. Sunansa Basili Bereshagin. Bai taɓa taka ƙasarmu ba, har ya koma ga Mahaliccinsa. Amma abin da ya gani da idonsa, ya kuma zana da hannunsa, shi ne yadda daular Turawa mai igwa take haɗiye masarautun Musulmi ɗaya bayan ɗaya, abin da ya iso ƙofar garin nan shekara 37 bayan haka. Shi ya sa na ga ya dace mu san shi.

An haife shi ranar 26 ga Oktoba 1842 a garin Cherefobes, can arewacin Rasha. Mahaifinsa mai gonaki ne da dazuzzuka, kuma a irin waɗannan gidaje ba a tambayar yaro me yake so ya zama. Yana ɗan shekara 8 aka kai shi makarantar soja, a 1853 aka mayar da shi makarantar hafsoshin sojan ruwa a Fitasbag, babban birnin ƙasar a wancan zamani. A 1860 ya gama, shi ne na ɗaya a ajinsu. Kowa na jiran ya ga ya hau jirgi da anini a kafaɗa, sai yaro ya ajiye aikin, ya ce shi zane zai koya. Uban ya fusata ya janye hannunsa daga ɗawainiyarsa. Bereshagin ya shiga babbar makarantar zane ta gwamnati, yana neman na abinci da guminsa.

Can ma bai daɗe ba. Abin da ake koyarwa shi ne kwaikwayon gumakan Girkawa da zana tatsuniyoyinsu. Ya yi zane ɗaya irin wannan har aka ba shi lambar azurfa, daga baya ya cusa babban kwafinsa a wuta, ya ce ba zai sake ɓata lokacinsa kan abin da bai taɓa gani ba. Ku riƙe wannan hali nasa na ƙona aikinsa, za mu sake cin karo da shi. A 1863 ya bar makarantar ya nufi duwatsun Kokeshiya, yana yawo yana zana makiyaya da 'yan kasuwa da matafiya. Ya je Faris wajen wani shahararren malamin zane mai suna Jerom, ya koyi tsabtar aiki da iya sarrafa haske, sannan ya sake komawa yawonsa.

Bari in ɗan yi bayani, don a fahimci sana'ar. A wurin Turawan wancan ƙarni, zane iri-iri ne. Akwai mai zana zaman yau da kullum: kasuwa, mai ɗaukar kaya, tsohuwa a bakin ƙofa, almajiri da ƙoƙonsa. Akwai kuma mai zana yaƙi, kuma shi wannan kusan ma'aikacin fada ne. Sarki ke biyansa, sarki ke gaya masa yaƙin da zai zana. Saboda haka hoton yaƙi yana da tsari sananne. Janar a tsakiya kan farin doki, takobi a sama, tutoci na kaɗawa, hayaƙi ya lulluɓe duk abin da bai kamata a gani ba. In an sa gawa, to ɗaya ce ko biyu a gefe, a kwance tsaf, rigarta ko ƙura babu. Yawancin masu wannan aiki a ɗaki suke zaune, labari ake kawo musu. Na'urar ɗaukar hoto ta riga ta fito, amma mai nawa ce, ba ta iya kama doki a guje. Don haka abin da mai zane ya zana, shi jama'a ke ɗauka yaƙi. Bereshagin ya haɗa sana'o'in nan biyu, ya shiga fagen fama da idon mai zana kasuwa, ido mai kallon talaka.

(GAJEREN KIƊA)

To, ga inda labarin ya matso kusa da mu. A 1865 Rashawa suka ci birnin Tashkent. A 1867 Sarkin Rasha ya naɗa Janar Kaufman gwamnan yankin da suka kira Turkistan, shi kuma janar ɗin ya nemi mai zane da zai bi rundunarsa. Bereshagin ya karɓi aikin, aka ba shi ƙaramin muƙamin hafsa. Wace ƙasa ce wannan? Ƙasar Bukhara ce da Samarƙandi. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya ji an ce rawahul Bukhari, to ya san sunan. Imamu Bukhari a can aka haife shi, kabarinsa kuma yana wani ƙauye kusa da Samarƙandi, inda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira. Ƙasar malamai ce, mai manyan makarantu da masallatai da aka yi wa ado da shuɗin tangaran.

A 1868 Kaufman ya shiga Samarƙandi, ya bar 'yan sojoji da ba su kai dubu ba a cikin kagarar birnin, da yawansu ma majinyata, shi kuma ya wuce gaba don karawa da rundunar Sarkin Bukhara Muzaffar. Yana juya baya, mutanen gari da mayaƙan da suka sauko daga Shahrisabz suka yi wa kagarar ƙawanya, dubbai a kan ɗaruruwa. Mako guda ana ɗauki ba daɗi. Bereshagin ya ajiye fensir ya ɗauki bindiga. Ya tare ɓaraka a ganuwa, ya ja sojoji suka fita farmaki, ya kashe mutane da hannunsa, kuma bai ɓoye wannan ba a rubuce-rubucensa. Da Kaufman ya dawo, aka ƙone kasuwar birnin don horo. Shi kuwa mai zane aka ba shi lambar jarumta ta Waliyyi Joji, kuma bayan ita bai sake yarda ya karɓi wata lamba ba har ƙarshen rayuwarsa.

Ina so mai sauraro ya riƙe wannan da kyau. Mutumin nan ba ɗan kallo ba ne, ba kuma mai wa'azin zaman lafiya ba ne da ya zo daga waje. Cikin rundunar mamaya yake, albashinta yake ci, jinin mutanen Samarƙandi yana hannunsa.

Ya sake zagaya yankin a 1869 da 1870 har kan iyakar Sin, sannan ya tafi birnin Munik na Jamus ya rufe kansa a ɗaki kusan shekara uku yana aiki. Da ya buɗe ƙofa, ga abin da ya fito da shi. Bari in zama idonku.

Hoto na farko: soja ɗaya tak, cikin farar riga, ya yar da bindigarsa, ya dafe ƙirji da hannu biyu, yana gudu cikin ƙura, bai san inda za shi ba. Harsashi ya riga ya gama da shi, ƙafafunsa ne ba su sani ba tukuna. Babu janar, babu tuta.

Wani kuma, wanda ya riga ya zana tun 1868, sojan Rasha ne tsaye a gindin ganuwa yana kunna lofensa hankali kwance, gawarwakin mutanen Bukhara a zube a ƙafarsa. Kusa da shi ya rataye ɗan'uwan hoton: mayaƙan Bukhara biyu, ɗaya ya ɗaga kan sojan Rasha da ya yanke yana dubawa, zai jefa a buhu. Ya ajiye su gefe da gefe, wanda ya ci da wanda aka ci, kowa da ranarsa, kowa da irin rashin imaninsa.

Sai wanda ya fi kowanne suna, na 1871. Faɗinsa ya kusa mita biyu. Fili ne ƙonanne, rawaya fatau, sama shuɗiya babu ko ɗigon girgije. A tsakiya tulin ƙoƙunan kan mutane, an jera su sun yi dala. A jikin wasu ana ganin saran takobi, a wasu hudar harsashi. Hankaki na shawagi suna sauka, ko da yake babu sauran abin ci. Can baya, busassun itatuwa da kangon birni. Da farko ya yi niyyar danganta hoton ga Taimur, mayaƙin nan da ya mulki Samarƙandi ya mutu a 1405, wanda aka san shi da tara kawunan waɗanda ya ci da yaƙi. Sai ya canza shawara. Ya sa masa suna Ɗaukakar Yaƙi, ya rubuta a jikin katakon da ya kewaye shi cewa ya sadaukar da shi ga dukkan manyan masu cin ƙasashe, na da, da na yanzu, da masu zuwa. Da ya bar sunan Taimur, da kowane janar ya tsaya ya yaba, ya ce kai, mutanen da ba su da tausayi. Da ya cire sunan, sai ya zama babu wanda ya tsira.

An fara nuna waɗannan hotuna a Landan a 1873, sannan a Fitasbag a 1874. Jama'a suka yi ta tururuwa. Manyan soja kuwa ransu ya ɓaci, musamman kan wani hoto da ya kira Wanda Aka Manta: gawar sojan Rasha ita kaɗai a daji, tsuntsaye sun fara taruwa, rundunarsa ta yi gaba. Suka ce ƙarya ce, sojan Rasha ba ya barin gawar ɗan'uwansa. Suka ce ya ci amanar ƙasa. Ran Bereshagin ya ɓaci, ya sauke hotuna uku daga bango, har da wannan, ya ƙone su. Sauran kuwa wani attajirin Masko mai suna Tiretiyakof ya saye su a kan rubul 92,000, suna nan har yau a gidan hotunan da ke ɗauke da sunansa. A wannan shekara makarantar da ya gudu daga cikinta ta aiko masa da muƙamin farfesa. Ya rubuta a jarida cewa ba ya so.

(KIƊA)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da filin faɗakarwa, muna magana kan mai zanen yaƙi na ƙasar Rasha, Basili Bereshagin.

Kada yabon ya yi yawa, akwai ɗaya gefen. Cikin hotunan nan na Turkistan akwai wani rukuni da shi da kansa ya raɗa wa suna da kalmar da ke nufin mutanen da ba su waye ba, kuma Musulmin ƙasar yake nufi. A ciki akwai hoton dandalin Samarƙandi, gaban wata babbar makaranta, malami a tsakiya yana huɗuba, jama'a kewaye, kawunan sojojin Rasha a soke kan dogayen sanduna. Ya zana mashaya banju a yashe cikin tsumma. Ya zana kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Ya zana wani attajiri yana duba ƙaramin yaro tsirara da ake son sayar masa. Ba na cewa ƙarya ya yi, waɗannan abubuwa sun faru. Amma wa ya biya kuɗin aikin? Kaufman. Kuma me mutumin Landan ko na Fitasbag zai ce in ya gama kallo? Zai ce lalle gara da aka ci su da yaƙi. Ya zana ƙofofin masallatai da kyau mai ban mamaki, har ka ga kowane sassaƙa a jikin itace, amma da wuya ka ga ya zana malami yana karantarwa a matsayin mai ilimi. A ganina, mutumin ya tsani yaƙi da gaske, amma bai tsani mulkin mallaka ba. Ya yarda ƙasarsa wayewa ta kai musu, kuɗin da aka biya da rayuka ne ya dame shi.

Wannan hujja ta cinikin bayi, mu nan mun san ta. Ita Gwamna Lugga ya riƙe lokacin da ya turo runduna ƙarƙashin Kanar Kembal a watan Janairun 1901 ta ci Kontagora, ta wuce ta ci Bida a watan Fabrairu. Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fita daga Kontagora, aka kama shi a 1902, aka mayar da shi kan gadonsa a 1903, ya zauna har rasuwarsa a 1929. Kuma gaskiya ɗaya ce, ko da ɗaci: hare-haren da aka riƙa kaiwa daga nan sun tashi garuruwan Gwari da Kambari da Kamuku da dama, jikokinsu suna cikin masu saurarona yanzu, maƙwabtanmu ne, surukanmu ne. Turawa ba tausayin waɗannan mutane ne ya kawo su ba, ƙasa suke so. Amma rashin gaskiyar Bature bai goge abin da aka yi wa mutanen ba.

To, me ya rage mana na waɗannan yaƙe-yaƙe da ido zai gani? Turawa sun bar rahotanni a ofis, sun buga wa sojojinsu lambar yabo. Mu kuma muna da kirari da waƙoƙin makaɗan fada, da tambari da kakaki, da lifidi da sulke da ake fitowa da su ranar hawan salla. Waɗannan dukiya ce, ba na raina su. Sai dai aikin makaɗin fada da aikin mai zanen fada ɗaya ne: sarki a tsakiya, barade kewaye. Dakaren da ya faɗi a bakin ganuwa da kwari da bakansa, gaban bindiga mai ruwa, babu mai kiran sunansa. Haka sojan haya da ke cikin rundunar Turawan, wanda sau da yawa shi ma Bahaushe ne ko Banufe ko Bayarabe. Haka matar da aka kora daga ƙauyenta da goyo a baya. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. A Satiru, a 1906, an kashe mutum kimanin 2,000 aka shafe garin. Babu wanda ya tsaya a wurin ya zana abin da ya rage bayan ƙura ta lafa.

Inda aka yi hoto ma, duba irin hoton. A Burmi, ranar 27 ga Yuli 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Turawa suka ɗauki hoton abin da suka yi wa gawarsa suka yaɗa, don kowa ya tabbata ya mutu, kowa ya karaya. Ga hoton gawa a Burmi, ga hoton gawa a hannun Bereshagin. Duka gawa ce. Ɗaya an yi shi don a tsorata mutane su durƙusa, ɗaya an yi shi don mai mulki ya ji kunya.

Wannan bambanci ya shafe mu yau fiye da kowane lokaci, domin yanzu kowa mai hoto ne. A yankinmu da 'yan bindiga suka addaba, da an kai hari, kafin a yi jana'iza hotunan mamata sun cika WhatsApp da Facebook. Wani lokaci uwa a waya take fara ganin gawar ɗanta. Wasu hotunan ma maharan ne da kansu suke ɗauka su saki, don aikin da hoton Burmi ya yi. Wasu kuma na wata ƙasa ne ko na wata shekara, an liƙa musu sunan ƙauyenmu. Kafin ka tura, ɗan'uwa, tambayi kanka wa ya ɗauka, kuma wa zai ci riba in ya yaɗu. Shaidar da za ta taimaki waɗanda aka zalunta tana da inda ake kai ta, da sunan wuri da rana, tare da suturta mamaci.

Na san wani zai ce, Malam, hoton mai rai fa? Wannan fage ne na malamai, suna da bayaninsu, a je gare su. Abin da na sani shi ne hannun Bahaushe ya fi karkata ga zayyana: adon bango, dagi, aska takwas a wuyan riga, da irin ginin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya. Zanen hoto na zamani kuwa, a nan Arewa, ya kafu a Zariya ne, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, inda ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958. Jimo Akolo, wanda ya yi karatu tare da su, ya zana mahaya dawakin Arewa. Marigayi Gani Odutokun, malami a wannan jami'a, ya yi wani zane na sarki yana raha da janar-janar ɗinsa a zamanin mulkin soja, kuma duk mai hankali ya gane inda aka dosa.

(GAJEREN KIƊA)

Mu koma ga mutuminmu. Daga 1874 zuwa 1876 yana Indiya, ya hau har duwatsun Himalaya, ya kusa mutuwa da sanyi. Turawan Ingila suna zarginsa da leƙen asiri. Daga baya, a 1884, ya zana yadda suke ɗaure 'yan tawaye a bakin igwa su harba, abin da aka yi bayan boren 1857. Shi wannan bai gani da idonsa ba, labari ya tattara, kuma Ingilishi sun kama shi da cewa kakin sojojin na wani zamani ne daban. Ba su dai iya cewa ba a yi ba. Don kada a ce Ingila kaɗai ya sa wa ido, ya haɗa shi da hoton rataye 'yan adawa a ƙasarsa Rasha, cikin dusar ƙanƙara, jama'a na kallo.

A 1877 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da daular Turkawa ta Santambul, a ƙasar Bulgeriya. Ya tafi da kuɗin aljihunsa. A kogin Danub ya shiga wani ƙaramin jirgin kai hari don ya ga yadda abin yake, harsashi ya same shi a cinya, raunin ya ruɓe, saura ƙiris ya tafi. Yana tashi daga jinya ya nufi Filebna, garin da kwamandan Turkawa Usman Fasha ya riƙe wata biyar. A farmaki na uku, a watan Satumba, wanda aka sa ya dace da ranar bikin sunan Sarkin Rasha, Rashawa da ƙawayensu sun yi asarar mutum wajen 18,000, matattu da masu rauni. Cikin matattun har da ƙanensa Sarge. Da garin ya faɗi a watan Disamba, ya je neman gawar ƙanen cikin waɗanda suka yi wata uku a fili, bai iya gane shi ba.

Daga wannan yaƙi ya zana Sarkin Rasha Iskandar na Biyu zaune a kujera kan tudu, can nesa da wuta, yana hangen hayaƙi. Ya zana fursunonin Turkawa da sanyi ya kashe a kan hanya, hankaki jere a kan wayar tangaraho. Ya kuma yi wanda ni a wurina ya fi duka. In ka hango shi daga nesa, sai ka ce gonar dawa ce bayan girbi, an kwantar da kara har iyakar ganinka. Mutum biyu ne kawai a tsaye a gefe, limamin Kirista da kaskon turare a hannu, da soja ɗaya ya cire hula. Sai ka matso, sai ka ga ashe ba kara ba ne. Mutane ne, an tuɓe su, an ɗan watsa musu ƙasa, ga kai, ga ƙafa, har inda sama ta haɗu da ƙasa. An ce masa wannan ma ƙari ya yi. Shi kuwa yana wurin aka yi addu'ar, gani ya kori ji.

Da ya kai hotunansa Balin a 1882, babban hafsan Jamus, Moltke, ya zo ya gani, daga nan aka hana sojoji shiga wurin. Janar ya san abin da yake tsoro: sojan da ya ga wannan fili zai fara lissafi. A Biyana, a 1885, shugabannin coci ne suka taso masa kan wasu zane-zane da ya yi bayan ziyarar Falasɗinu, har wani ya watsa musu ruwan batir. Ya zagaya Amurka, ya dawo Masko a 1891, ya shafe shekaru yana zana hotuna 20 kan mamayar da Nafoliyon na Faransa ya kai wa Rasha a 1812. Nan ma bai canza hali ba. A ɗaya daga cikinsu, Nafoliyon ɗinsa ba ya kan farin doki. A ƙasa yake, cikin jibgegiyar rigar sanyi, yana dogara sanda, gawarwakin sojojinsa sun leƙo daga ƙarƙashin ƙanƙara.

A 1901, shekarar da aka ci Kontagora, aka fara ba da kyautar Nobel ta zaman lafiya, kuma sunansa na cikin waɗanda aka gabatar. Bai samu ba. An raba ta tsakanin Dunan, wanda ya kafa ƙungiyar agaji ta Red Cross, da wani Bafaranshe mai suna Fasi. A shekarar ya je Filifin inda Amurka ke yaƙi, ya zana asibitin soja. Ya je Kuba a 1902, Jafan a 1903.

A Fabrairun 1904 yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Jafan. Yana da shekara 61, ga mata ga ƙananan 'ya'ya, amma ya hau jirgin ƙasa ya ratsa Saiberiya har tashar jiragen ruwa ta Fot Ata, a gaɓar ƙasar Sin. Babban hafsan sojan ruwa, Makarof, wanda suka san juna tun yaƙin Turkawa, ya gayyace shi cikin jirginsa mai suna Fetrofablos. Ranar 13 ga Afrilu 1904 da safe, jirgin ya taka nakiyar da Jafanawa suka dasa a ruwa, rumbun makamansa ya kama, cikin minti biyu ya nutse. Mutum fiye da 600 suka halaka, har da Makarof da Bereshagin. Ba a ga gawarsa ba.

Ya bar iyalinsa da bashi, har sai da aka sayar da gidansa na Masko. Yawancin hotunansa suna gidan Tiretiyakof a Masko da gidan kayan tarihi na Rasha a Fitasbag, hoton fursunonin Turkawa kuma yana Buruklin a Amurka. Gidan da aka haife shi a Cherefobes an mayar da shi wurin ziyara. Mai son ganin hotunan a intanet, ga yadda ake rubuta sunan da boko: V, E, R, E, S, H, C, H, A, G, I, N. Amma a duba kafin a miƙa wa yara wayar, wasu hotunan ba na idonsu ba ne.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum, a huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)